Hoton Kwana Huɗu

Kyamara ba ta ƙarya. A kan wannan aƙida mai hoto ya rayu shekara goma sha biyu. Ba ta kuma faɗin gaskiya sai an saita ta, amma wannan bai cika gaya wa mutane ba.

Ranar da ɗansa ya kwana huɗu a duniya, ya ɗage labule, ya zaro farin ƙyallen da ke zama a jakarsa, ya nuna wa kyamara shi a hasken taga, don ta san abin da ake kira fari a ɗakin. Sannan ya matso dab da fuskar jaririn ya danna.

A allon kyamarar, farin idon yaron rawaya ne.

Ranar da aka sallame su daga asibiti, nas ta ce da sun ga haka su dawo a guje, ciwon shawara ba ya jira. Ya sake saiti da ƙyallen a ƙarƙashin ƙwan lantarki. Rawaya. Ya fita waje. Rawaya.

Surukarsa, wadda tun zuwanta babu abin da ya tsira daga bahon wankinta, ta leƙa fuskar jikanta. "Ni dai lafiya lau na gan shi."

"Mama, ido yana yaudara. Wannan na'ura ce."

Matarsa ta suri yaron, ta zura takalma ƙafa daban-daban, suka fita su duka.

A asibiti aka ɗebi jini a diddigen jaririn. Ya tsala ihu, uwarsa ta taya shi. Awa biyu mai hoto yana kan benci yana ƙara girman hoton, ko zai canza ra'ayi.

"Yaro garau yake," in ji likita. "Wa ya ce shawara ce?"

Ya miƙa mata kyamarar. Ta duba, ta mayar masa. "Ɗauke ni."

Ya ɗauka. Likitar, da rigarta, da bangon bayanta, duk suna fama da shawara mai tsanani.

A hankali ya zaro ƙyallen, ya kara shi da farar rigarta. Shuɗi-shuɗi ne. An ce wa kyamara wannan shi ne fari, ta yarda, ta rage shuɗi daga komai, sai komai ya koma rawaya.

"Ai da dauɗa na same shi," in ji surukar. "Na wanke shi, sau biyu na sa masa bula."