Sawu a Gindin Bishiya

"Wannan nake so, mai jawo nesa kusa," in ji tsoho Merle, yana shafa madubin saitin bindiga a kanti.

Ɗansa Lyle ya ce, "Baba, daga kan bishiyar da kake fako zuwa hanyar barewa taku ashirin ne fa. Da wannan gashin jikinta kawai za ka gani."

"Kai za ka koya min farauta?"

Washegari Lyle ya kai masa kofi daji. Tsohon ya sauko daga kan bishiyar yana huci.

"Ƙatuwar barewa, yanzun nan! Sau uku ina jan kunama, shegiyar bindigar ta ƙi tashi!"

Lyle ya shafa aljihunsa. Allurar bindigar, wadda ke dukan harsashi, na ciki, tun da likita ya ce mantuwa ta kama Baba.

Ya duba dusar ƙanƙara. Babu sawun barewa, sai nasa shi Lyle.