Masu Kira Daga Ƙarƙashin Ruwa

"Wannan kuke kira ruwa?" in ji Agbeko, yana nuna tafkin Volta da haɓa. "Mu a Keta, can bakin teku, a irinsa muke wanke kwanuka."

Tela ne, aure ya kawo shi ƙauyen masunta. Tun zuwansa babu wanda bai sha labarin yadda ya tsaga teku cikin guguwa ba, hannu ɗaya a filafili, ɗaya yana cin dokunu, tuwon masarar garinsu. Gaskiyar kuwa, iyakar saninsa da teku ta tagar shagon da ya koyi ɗinki ne.

Ana haka jirgi mai inji ya lalace, gobe kuma kasuwar ƙetare. Matarsa Esinam na da kwanduna cike da bandar kifi, waɗanda hayaƙi ya cinye mata idanu kafin ta tara. In ba su haye yau ba, ƙwari za su riga masu saye. Abin hawa ɗaya ya rage, kwalekwalen mahaifinta Togbe Ahiable, mai ƙyallen iska na buhunan fulawa. Tsohon kuwa zazzaɓi ya kwantar da shi. Masunta suka dubi hadarin da ke haɗowa, kowa ya tuna yana da ragar da bai gyara ba.

Esinam ta dubi mijinta a gaban mutane. "Maigida, ai ga ka."

Ya so ya ce ƙafarsa na ciwo. Bakinsa ya ce, "Ɗauko kayan."

Suna gama lodi iska ta taso daga tudu, jama'a suka watse kwashe shanya. Agbeko ya kwance igiyar goshin jirgi daga turke, ya naɗe ta da yanga, ya tura.

"Ka kwance duka?" ta tambaya, tana rufe kwanduna da leda.

"Ɗan teku za ki koya wa kwance igiya?"

Jirgi ya juya, ƙyalle ya cika da iska, suka yi gaba a guje. Har ya fara jin daɗin kansa. Sai ruwan sama ya sauko kamar an kifar da randa, gaɓa ta ɓace, sama ta ɓace, ko goran da ke riƙe da ƙyallen da ƙyar yake gani. Jirgin ya yi wata irin fizga da ta kai shi ƙasa kan gwiwoyinsa.

Daga nan filafili ya zama banza. Ya karkata dama, jirgin ya ƙi. Ya karkata hagu, ya ƙi. Sai dai ya ɗaga goshi, ya faɗa, ya yi lilo, ya sake fizga. Ruwa na shigowa ta kowane gefe. Esinam ta durƙusa tana kwarfewa da ƙwarya, kanta a sunkuye, leɓɓanta na motsi.

"Mun kai rabi?"

"Mun kusa," in ji shi. Bai san ko ina ne gabas ba.

Can ya ji su. Muryoyi, cikin iskar, suna zuwa suna yankewa. Kowa a bakin tafkin nan ya san garuruwan da ruwa ya haɗiye lokacin da aka datse kogi, da kaburburansu da itatuwansu. Agbeko ya sha yi wa zancen dariya. Yanzu ga sunansa ana kira, raɗau.

"Kamar muryar Baba nake ji," Esinam ta ce, ta fara ɗago kai.

Ya danne mata shi. "Kada ki amsa. Haka suke yi, muryar naka suke ara. Kina amsawa sun tafi da ke."

Ruwa ya kai musu ƙwauri. Hannuwanta suka mutu, ƙwaryar ta suɓuce ta bi igiyar ruwa. Ya dubi kwandunan, ya dube ta. Ta kau da fuska. Ya cicciɓi na farko ya jefa, ko jirgi ya yi sauƙi, ko na ƙasa su karɓa su haƙura. Muryoyin suka ƙara ƙarfi, kamar ma da fushi. Ya jefa na biyu. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, har da ƙullin garin da suka yi guzuri.

Ba su haƙura ba. Ƙyallen ya yage tun daga sama, ya rataye yana marin goran. Sannan abin da ya fi tsoro ya faru. Jirgin ya tsaya cak, ya soma tafiya da baya, yana tunkarar iskar, a hankali, da ja da hutu, da ja da hutu.

Agbeko ya saki filafili. Ya kwanta cikin ruwan jirgi, ya rungume ƙafar matarsa, ya runtse ido, ya ɓare baki yana kiran uwarsa da ta mutu tun yana goye, yana roƙon ta sa baki, shi baƙo ne a nan, ba shi ya datse kogin ba.

Muryoyin suka matso har yana jin nishinsu. Gindin jirgin ya gurza a wani abu mai laushi, ya tsaya. Ruwan sama ya tsagaita. Esinam ta zare ƙafarta daga hannunsa.

Ya buɗe ido ɗaya.

Ƙauyen ne kaf a bakin gaɓa, jiƙe sharkaf, maza a jere cikin ruwa iya cinya, Togbe Ahiable a gabansu ƙudundune cikin bargo, muryarsa ta dushe don kira, dukansu riƙe da doguwar igiyar bayan jirgi, wadda tun safe take ɗaure a kututturen da ke jifa ɗaya daga turke.