Ta Uku, Hassana Dabo

Na shiga filin wasan, raina a ɓace. Wata biyu 'yata Hussaina tana ce min gidan goggonta take zuwa a Daura, ashe wajen masu wasa da takalmi mai taya take tafiya. Ranar kuma gasar yara ake yi.

Sai ga ta tana juyi da ƙafa ɗaya a kan siminti. Ta faɗi, ta tashi, gwiwarta na jini, ta ƙarasa. Malamarsu Adaora ta ɗauki lasifika ta ce, "Ta uku, Hassana Dabo!"

Hassana ce abokiyar tagwaicinta, ita ce mai wannan wasan. Wata uku ke nan da rasuwarta a Zango.

Na kamo hannun Hussaina. "Ke, ba ki faɗa musu ba?"

"Inna, don Allah ki yi shiru. A gida kowa ya daina kiran sunanta don kar ki yi kuka. Nan kaɗai ake kiranta, kuma a amsa."

Adaora ta ƙaraso da murmushi. "Mama, ke ce maman Hassana?"

Na share idona, na ce, "Ni ce."