Rumbun da Ɓera Ba Ya Hawa

Badaru yana kan tsani, laka har gwiwar hannu, lokacin da yayansa Uwaisu ya yi sallama. Bai sauko ba. Daga can sama ya amsa gaisuwa, ya ce aiki ya sha masa kai. Uwaisu ya ɗan tsaya yana kallon tulun da ke jingine a inuwa, sannan ya juya ya fita. Abin ya sosa wa Badaru rai, don shi mutum ne da bakinsa bai iya cewa babu ba. Bara ma haka aka yi, wannan ya zo da ƙoƙo, wancan da kwano, kafin ruwa ya sauka irin shukarsa ya ƙare a tukwanen mutane, rabin gonarsa ya wuce damina ba a taɓa shi ba.

Shekarun fari ne. A ƙauyensu, yamma da Rimin Gado, an cinye abin da ke rumbu, an ci dusa, wasu har iri sun daka. Abin da ya rage wa gidan Badaru shi ne tulun nan na irin gero. Matarsa Kulu ce ta cika shi da hannunta, ta liƙe bakinsa da laka, ranar da za ta tafi Shanono jinyar mahaifiyarta. Ta ce kada ya buɗe wa kowa, har shi kansa, sai ruwan shuka ya sauka. Ya yi alkawari, ya kuma ji haushin yadda ta yi ta maimaitawa.

Haushin nan ne ya sa shi aiki. Da ma Badaru mai son ƙere-ƙere ne. Shi ne ya taɓa haɗa abin jan guga da tayar keke, wanda ya yi aiki sosai har ranar da ya bi gugan cikin rijiya. Wannan karon ya ƙudura zai gyara tsohon rumbunsa yadda ɓera ba zai hau ba, ɓarawo ba zai fasa ba, mai roƙo kuma zai ga bango ya haƙura.

Ya buɗe gwangwanayen kananzir ya naɗe duwatsun gindin rumbun da su, don ɓera ya zame. Ya yi murfi da katakon tsohon kyaure. Saura yaɓe, a nan ya cije, don ba a kwaɓa laka ba ciyawa, ciyawa kuwa dabbobi sun cinye ta tun kafin su mutu. Yana ta dube-dube sai ya ga buhun ƙaiƙayi a lungun ɗakin girki, an ɗora masa fasasshen turmi. Da ya cicciɓa ya ji nauyi, ya ce matar nan ko tsince ba ta yi ba, har da tsakuwa ta kwaso. Ya juye shi kaf cikin ramin ƙasa.

Magina sukan bar kwaɓi ya kwana ya tsima. Shi ba shi da ruwan wannan gata, rijiya ta koma laka. Ya yayyafa ɗan abin da ya samu, ya tattake, ya yaɓe nan take, ranar bazara ta busar da shi kafin la'asar. Ya zura tulun ciki, ya rufe, ya ɗora 'yar jinkar da ba ta fi faifai ba.

Bango ya yi kyau, kowa ya faɗa. Kaji ma sun yaba, don daga ranar suka tare a gindinsa suna tsattsaga. Badaru ya ce gara suke nema, ya kewaye wurin da ƙaya. Uwaisu ya sake zuwa, maƙwabta suka zo da ƙoƙunansu, shi kuwa sai ya nuna musu rumbun ya ce a liƙe yake. Karon farko a rayuwarsa ya hana, ya ji daɗi, ya kuma ji kunya.

Ruwa ya sauka da iska, ya yi ta dukan bango har gari ya yi sanyi. Gari na wayewa kowa ya ɗauki sungumi. Badaru ya janye ƙaya, ya hau tsani, ya fito da tulun, ya yi bismilla ya fasa bakinsa. Yashi ne, har ƙasa.

Ya zauna a wurin. Ya zargi Uwaisu, ya zargi maƙwabta, ya rasa ta inda aka shiga. Tsoro ya kama shi na gaske, don gonar da ba a shuka ba bana, gidan ba zai ga baɗi ba. Ya shige ɗaki, mutane na shuka, ruwa na ƙara zuba, shi ko tsakar gida ba ya son kallo.

A haka, bayan 'yan kwanaki, Kulu ta dawo ta same shi. Ta saurari labarin a bakin ƙofa, ko ƙullin kayanta ba ta sauke ba, fuskarta ba alamar damuwa.

"Malam, ba wanda ya yi maka sata," ta ce. "Ni na zuba yashin. Na san halinka, na ce ko ka buɗe wa wani, yashi zai samu. Irin na cakuɗa shi da ƙaiƙayi, yana buhun da ke ƙarƙashin turmi. Ɗauko in sheƙe, gobe ka shuka."

Badaru ya leƙa ta bayan kafaɗarta, can inda akuyar maƙwabta ta miƙe da ƙafa biyu tana kiwo a jikin rumbun, wanda ya yi kore shar da ɗanyen gero tun daga gindi har wuya.