Sandar Auna Teku

"Da wace sanda kake aunawa?"

Tambayar da ta tari ɗanta da ita ke nan, tun kafin ɗan acaɓan da ya kawo shi Shabu ya juya. Shekara uku ke nan da aka ce mata ya samu aiki a Legas, wai auna zurfin teku. Ita kuwa awon ruwa ɗaya ta sani: mijinta a gaban shanu, ruwan kogin Mada iya ƙirjinsa, yana laluben ƙasa da sanda. Sandar kaɗai aka dawo mata da ita.

Ɗan ya buɗe kwamfuta a kan tabarma. "Inna, duba. Tauraron ɗan'adam ke ɗauko hoton daga sama. Inda ruwan ya yi haske babu zurfi, inda ya yi duhu akwai. Wannan tabon duwatsun murjani ne, a wata ƙasa can da ban taɓa zuwa ba. Ni lissafi kawai nake yi, a zaune a ofis."

"Ƙarya kake yi don hankalina ya kwanta. Miƙo ƙafarka."

Ta cire masa takalmi da safa, ta juya diddigen. Faso ya tsattsaga shi kamar ranar da ya bar gida. Ƙafar da ke wuni cikin ruwa ba ta zama haka.

Ta sauke ajiyar zuciya, ta share ido da gefen zane.

"Ji ƙafa kamar busasshiyar fadama," ta ce. "Kada ka kuskura ka shafa mata mai."