Babi na Uku

Idris ya buɗe dosiyen rubutunsu da ke ma'ajiyar intanet, ya tarar an sake ƙara shafuka a babi na uku. Sunan wanda ya yi gyaran yana gefe kamar kullum: Nomau.

Su uku Dokta Alkasum ya haɗa a kan memwar, wato kundin binciken ƙarshen karatu, a kan yadda manoman Damagaram ke adana hatsi a rumbu. Idris ɗan Zango shi ne shugaba, shi ya buɗe dosiyen, shi ke ba kowa izinin shiga. Sakina na lissafin alƙaluma. Nomau kuwa, da yake ɗan wani ƙauye ne can bayan Damagaram Takaya, aka bar masa hira da manoma.

Da aka shiga yajin aiki a farkon damina, kowa ya kama hanyar gida. Aka janye yajin, ɗalibai suka dawo, ban da Nomau. Ba wanda ya yi cigiyarsa sosai. Dama mutum ne marar yawan abokai, kuma shi kaɗai ke da iyali a ajin.

Idris ya kira shi sau da yawa, ba a ɗauka. Sai dai bayan an jima saƙo ya shigo a rubuce: "A yi haƙuri, ba halin magana. Aiki na tafiya." Nomau da ya saba cika musu waya da saƙon murya, yanzu ko tarinsa ba sa ji.

Aikin dai yana tafiya. Idan rezo, wato sabis ɗin waya, ta samu a ƙauyen, sai sabon shafi ya faɗo. Hira da tsohuwar da ke zuba toka a gindin rumbu. Hira da wadda ke shimfiɗa ganyen dogon yaro tsakanin dammuna. Bayanin yadda uwargida ke gane ƙwari sun shiga hatsi tun daga warin tsaba. Babu hirar namiji ko ɗaya a sababbin shafukan, amma Idris bai tsaya kan wannan ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne, babin ya fi nasa kyau nesa ba kusa ba.

Dokta Alkasum ma ya gani. Ya shiga dosiyen ya rubuta a gefen babi na uku: "Wannan shi ne zuciyar aikin." A gefen babin Idris kuwa ya rubuta: "A sake."

Idris ne ke zirga-zirga a kabu-kabu tsakanin unguwarsu ta Zango da fakilte, wato sashensu na jami'a, shi ke tsayuwa a ƙofar ofishin malam har ƙafa ta yi tsami. Wani yana can kwance a inuwa yana kwasar yabo.

Da aka sa ranar sutnas, wato ranar kare aiki gaban malamai, Dokta ya ce duk wanda bai zo da ƙafarsa ba, ya kawo hujja. Idris ya tura saƙo. Amsa ta zo: "Ba zan iya fitowa yanzu ba. Don Allah a bar sunan a bangon littafin, shi kaɗai nake roƙo."

Bai kai wa Dokta wannan saƙo ba. Ce masa ya yi Nomau ya watsar da karatu, kuma babi na uku su suka ƙarasa shi.

"Idris, ka ji tsoron Allah," in ji Sakina da suka fito. "Aikinsa ne."

"Aikinmu ne. In yana so, da ya zo."

Ta bi bayansa suka wuce. Ita ma tana son ta gama ta huta.

Da yammacin nan ya kwafe babin zuwa sabon dosiye, ya cire Nomau daga masu izinin shiga, ya goge sunansa daga bango. Washegari wayarsa ta nuna cewa Nomau na neman izini. Jibi ma haka. Ya riƙa share saƙon kamar mai kore ƙuda, har aka daina turowa.

An yi sutnas bayan an kai amfanin gona gida. Malamai suka yaba, musamman babi na uku. Ɗaya daga cikinsu ta tambayi Idris yadda aka yi matan ƙauye suka saki jiki da shi haka, har suka faɗa masa abin da ba sa faɗa wa mazajensu. Ya yi murmushi ya ce haƙuri ne kawai. Aka ba su sakamako mafi girma.

Suna fitowa ana ɗaukar hoto, mai gadi ya ce wata mata na jiransa a bakin ƙofa tun hantsi.

Yarinya ce ramammiya, da goyo a baya, takalmanta sun yi buɗu-buɗu da tafiya. Ta gaishe shi da faransanci mai tsabta, irin na wadda ta gama lise, babbar sakandare. Idonta na kan littafin da ke hammatarsa.

"Kai ne Malam Idris? Na ga dosiyen ya rufe, na ce ko rezo ce. Shi ne na zo da kaina."

Idris ya gyara riƙon littafin, ya juya bangon ya manna a ƙirjinsa.

"Ke ce wa?"

"Shatu, matar Nomau. Ka yafe mini ɓoyon da na yi, na ji tsoron in makaranta ta sani za a cire shi ne." Ta miƙo hannu biyu. "Jiya na fita takabarsa. Ba ni in ga sunansa a kan littafin da na ƙarasa masa."