Ragon Gidanmu

Likitar ta ajiye sakamako biyu, nawa da na ƙanena. Binciken ciwon zuciya ne ya kawo mu asibitin garin Dubbo, amma sai ta tambaya, "A cikinku wa maganin wankan tumaki yake kayarwa?"

Na tuntsire da dariya. "Ga shi nan, ragon gidanmu. Duk shekara muna gama wankan sai jiri da amai, kwana uku a kwance."

Ita ba ta dara ba. Ta ce akwai wani sinadari a jini mai karya irin gubar da ke cikin maganin, likitoci kuma suna zaton yana kare zuciya. Gadonsa ake yi. Nawa a cike yake, nasa ɗan kaɗan ne.

A mota na kasa kallonsa. Shekara talatin ina taƙama da ƙarfin da ban nema ba. Shi kuwa ya san abin da ke jiransa, amma duk ranar wankan shi ke fara sa takalmin roba.

"Bana ni kaɗai zan yi wankan," na ce.

Ya gyara zaman hularsa. "Haba, Yaya. Ina ka taɓa ganin wankan raguna babu rago?"